Madobiya da Faɗa-wutan Argyll: Yadda Ake Auna Haɗarin Ƙarewa

Ga halittu biyu. Ta farko itaciya ce da yawancinku kuka sani, wato madobiya, wadda ke tsirowa a dazuzzukan ƙasashe aƙalla 16, tun daga Senegal har Cadi da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Na biyu ɗan ƙwaro ne daga dangin faɗa-wuta, wanda duk faɗin Birtaniya ba a samunsa sai a gangare guda ɗaya na bakin teku, a yankin Argyll da ke yammacin Sikotilan. Wajen shekarar 1990 an ƙirga shi, aka tarar bai fi 20 ba. To, wanne a cikinsu ya fi kusa da ƙarewa?

Kafin a ci gaba da karatu, kowa ya faɗi amsarsa da dalilinsa, malamin aji ya rubuta a allo. Galibi ƙwaron ake zaɓa, kuma wanda ya zaɓe shi bai yi wauta ba, domin 20 ba adadin da za a dogara da shi ba ne. Sai dai masanan da wannan ne aikinsu ba sa tsayawa ga yawa kaɗai. Sukan tambaya ina adadin ya dosa, sama ko ƙasa, da wane irin sauri, mene ne ke jan sa, kuma an tare abin ko yana nan yana ci.

Ma'aunin da aka yarda da shi

A 1948 aka kafa wata ƙungiya a Faransa domin kare halittun daji, wadda yau aka fi sani da IUCN. Hedikwatarta tana garin Gland a ƙasar Suwizalan. Tun 1964 take riƙe da wani littafi da ake kira Jan Kundi, inda ake rubuta halin da kowane nau'in dabba ko tsiro yake ciki. Kundin ba doka ba ne, ba shi da ɗan sanda, ba shi da kotu. Amma gwamnatoci da masu ba da tallafi da masu rubuta dokoki shi suke dubawa kafin su yanke shawarar inda za a kashe kuɗi da abin da za a hana.

Matakai tara ne a cikinsa, kowanne da alamarsa ta haruffa biyu, kuma yana da kyau ku san alamomin don za ku gan su a takardun ma'aikatan gandun daji. A can ƙarshe akwai EX, halittar da ta ƙare ƙaf, da EW, wadda ta ƙare a daji sai abin da ya rage a hannun mutane, a gidan namun daji ko a lambu. Sai matakai uku da ake nufi idan an ce halitta tana fuskantar barazana: CR ga wadda ke bakin ƙarewa, EN ga wadda ke cikin haɗari, VU ga mai rauni. Bayansu akwai NT, wadda ta kusa shiga sahun barazana, da LC, wadda babu fargaba a kanta a yanzu. Biyun da suka rage su aka fi yi wa mummunar fahimta. DD na nufin an duba amma bayanan da ke hannu ba su isa yanke hukunci ba. NE na nufin ba a ma duba ba. Ku riƙe waɗannan biyun, za mu dawo kansu.

Hanyoyi biyar ne ke shigar da halitta sahun barazana, kuma ɗaya ta wadatar. Uku daga ciki za su ishe mu a wannan darasi.

Ta farko ita ce saurin raguwa. Ana duba shekara 10, ko tsawon zuriya uku daga kaka zuwa jika, a ɗauki wanda ya fi tsawo. Idan a cikin wannan lokaci an rasa kashi 30 cikin 100, halittar ta shiga VU. Idan kashi 50 ne ta shiga EN, idan kuma 80 ne ta shiga CR. Raguwar tana iya zama wadda ta riga ta auku, ko wadda hujja ta nuna tana tafe. Ku lura cewa a nan ba a tambayar nawa suka rage. Halitta tana iya kai miliyoyi ta shiga EN, muddin rabinta na salwanta.

Ta biyu ita ce ƙuncin mazauni. Idan duk filin da halitta take zaune a kai bai kai murabba'in kilomita 10 ba, ana duba ta da idon CR, in har an haɗa da wasu alamu, kamar ci gaba da raguwa, ko hawa da saukar adadi mai tsanani, ko kasancewa a wuri ɗaya tak. Abin da suke nufi da wuri ɗaya shi ne yankin da masifa guda, gobara ko ambaliya ko annoba, za ta iya shafe duk abin da ke cikinsa a lokaci ɗaya.

Ta uku ita ce ƙarancin manya masu haihuwa. Ƙasa da 1,000 VU ne, ƙasa da 250 EN ne, ƙasa da 50 kuwa CR ne.

Madobiya

Wanda ya taɓa ratsa dazuzzukan Taraba ko kudancin Kaduna ko jihar Neja da hunturu ya ga madobiya, ko da bai san sunanta ba. A lokacin ta zubar da ganye ta rufe da fure rawaya, ana hango ta daga nesa, ƙudan zuma na ta kai-kawo a kanta. Tsawonta yakan kai mita 12 zuwa 15. Ɓawonta baƙi-baƙi ne mai kaushi, in an sare shi jan ruwa mai danƙo ke fitowa, wanda masu maganin gargajiya da marina suka daɗe da sanin amfaninsa. Dangin wake da gyaɗa ce, don haka saiwarta tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Tana jure gobarar daji, gara kuma ba ta cika cin katakonta ba. Wajen makiyayi kuwa darajarta ta wuce duk wannan, domin tana fitar da sabon ganye a ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta ƙare, shanu suka rame. Sai ya hau ya sassabo rassa ya zubo wa garkensa. A Bamako har kasuwa ake kai ganyenta ana sayar wa masu kiwon tumaki a gida, kuma masassaƙan Mali da Gini da katakonta suke yin kayan kiɗa irin su balafon da ganguna.

An daɗe ana wannan amfani da ita ba ta ƙare ba, ko da yake a kewayen manyan birane yawan sassabe ya yi mata illa. Abin da ya canja lissafin daga nesa ya zo. A ƙasar Sin akwai kayan ɗaki na alfarma da ake kira hongmu, gadaje da kujeru da akwatuna na jan katako, a bisa salon zamanin daulolin Ming da Qing. A 2000 hukumomin ƙasar suka fitar da jerin itatuwan da ya halatta a kira katakonsu hongmu, madobiya tana ciki. Da masu hannu da shuni suka yawaita, kuma irin waɗannan itatuwa suka yi wuyar samu a kudu maso gabashin Asiya, sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka ta Yamma wajen 2010.

Wannan ciniki ba ya zama wuri ɗaya. Ya ci Gambiya da yankin Kasamans na Senegal, ya ci Gini-Bisau da Togo da Benin da Gana da Kwaddibuwa. Da zarar manyan itatuwa sun ƙare, ko gwamnati ta hana, sai ya tsallaka iyaka. Zuwa 2014 ya iso Najeriya da ƙarfinsa, kuma cikin ɗan lokaci ta fi kowace ƙasa fitar da wannan katako. Daga Kogi aka nausa Taraba, inda 'yan katako ke ce wa itaciyar Madrid, masu fitar da ita waje kuma suna ce mata kosso. Matasa suka bazu a dazuzzukan Bali da Gashaka da injin yankan itace a kafaɗa, har gefen gandun Gashaka-Gumti, wanda shi ne mafi girma a ƙasar. A kayar da ita, a gyara gungumen ya zama mai kusurwa huɗu, a loda a tirela zuwa Legas, a cusa a kwantena.

Lambobi biyu za su nuna muku girman abin. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, a rahotonsa na 2016, ya lissafa darajar kayan daji da aka kama a hannun 'yan fasa-ƙwauri tsakanin 2005 da 2014. Jan katako iri-iri ya ɗauki kashi 35 cikin 100, ya wuce hauren giwa. A 2017 kuma wata ƙungiyar bincike mai suna EIA ta ba da rahoton cewa gungume miliyan 1.4 na madobiyar Najeriya, masu darajar kimanin dala miliyan 300, an tsare su a tashoshin jiragen ruwan Sin saboda rashin takardu, daga baya aka samar musu takardun aka shigar da su.

A 2018 Jan Kundi ya sanya madobiya a matakin EN. Ta hanyar farko ta shiga, wato saurin raguwa. Babu wanda ya ce ta yi ƙaranci a ido. Har gobe za ka shiga daji ka gan ta. Abin da ya tayar da hankali shi ne waɗanda ake zaɓa a sare: manya, miƙaƙƙu, masu kauri, waɗanda su ne ke zubar da iri mai yawa. Itaciyar kuwa ba ta girma da sauri, sai ta yi gomman shekaru kafin ta kai kaurin da ɗan katako ke nema. Kututturenta yakan tofo, gaskiya ne, amma tofon yana da wuta da bakin dabba da gatarin mai gawayi a gabansa kafin ya kai ga yin fure. Daji yana iya zama kore shar alhali iyayen da za su haifi dajin gobe duk an kwashe su.

Ta fuskar doka, akwai yarjejeniyar CITES da aka sa wa hannu a Washinton a 1973, mai kula da cinikin dabbobi da tsirran daji tsakanin ƙasashe. Senegal ce ta fara neman a sa ido a kan madobiya. A taron Johannesburg na 2016 aka amince a saka ta a jeri na biyu, hukuncin ya fara aiki a Janairun 2017. Ma'anar jeri na biyu ita ce ba a haramta cinikin ba, amma ƙasar da za ta fitar da katakon sai ta tabbatar da abu biyu: an sare shi bisa doka, kuma sarewar ba za ta cutar da wanzuwar itaciyar ba. Najeriya ba ta kawo hujjar da ta gamsar ba, aka dakatar da cinikinta a 2018. A 2022 aka ƙara da Kamaru, Cadi, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, Gambiya, Gini-Bisau, Mali da Togo. Sauran ƙasashe takwas masu madobiya, ciki har da Nijar da Gana, suka sanar da kansu cewa ba za su fitar da ko gungume ɗaya ba har sai sun cika sharuɗɗan.

Ku duba tazarar. Sara ya kankama wajen 2010, rufe ƙofa gaba ɗaya bai zo ba sai 2022. A ganina wannan jinkiri shi ne babban abin takaici a labarin madobiya, kuma ba na ɗora laifin a kan saurayin da aka ba injin da ɗan abin da zai kai gida. Shi ne ya fi kowa wahala a cikin sarƙar, shi ne kuma ya fi kowa samun kaɗan. Sannan CITES iyakarta bakin iyaka. Ba ruwanta da buhun gawayi, ko katakon da aka kai kasuwar cikin gida, ko dajin da aka share don noma. Wannan ya rage ga dokar jiha da masu unguwanni da mutanen da dajin yake bayan gidajensu.

Ƙwaron da shinge ya ceta

Sunansa a wajen masana Zygaena viciae. Faɗinsa idan ya buɗe fikafikai kimanin santimita 3 ne. Fikafikan sama masu duhu ne, kowanne da ɗigo ja guda biyar, na ƙasa kuma jajaye. Ba kamar yawancin danginsa ba, da rana yake tashi, a watan Yuli, kuma a hankali yake tafiya ba ya gudun tsuntsu. Dalili shi ne jikinsa yana ɗauke da irin gubar nan da ke cikin rogo mai ɗaci, jan launin kuma gargaɗi ne ga mai son cinsa. Tsutsarsa ganyen wasu ƙananan tsirrai biyu take ci, su ma dangin wake ne kamar madobiya.

A da Birtaniya ta san shi a dajin New Forest da ke kudancin Ingila. A can masu sha'awar tara ƙwari suka yi ta kama shi suna kafewa da allura a cikin akwatuna, aka kuma sauya yanayin dajin da sababbin shuke-shuke. Ganinsa na ƙarshe a wurin shi ne 1927. Aka yi shekara 36 ana ɗauka ya ƙare a ƙasar, sai a 1963 aka gano wani reshe nasa a Argyll, a kan gangare mai ciyawa da ke fuskantar teku. Ya ɗan bambanta da na kudu, aka ba shi suna argyllensis. Har yau ba a bayyana wa jama'a ainihin wurin, saboda abin da ya sami ɗan'uwansa.

A 1981 Birtaniya ta yi dokar kare namun daji, ta sa sunansa a ciki. Aka haramta kama shi da kashe shi da sayar da shi. Duk da haka ya ci gaba da raguwa, har ya kai ga waccan ƙirga ta 1990. Dokar ta tare hannun mutum, amma abin da ke cinye shi a wannan karon ba mutum ba ne. Tumaki ne. Suna kiwo a gangaren, suna aske ciyawa har ƙasa, tare da tsirran da tsutsar ke ci da furannin da manyan ke sha. Ƙwaron bai tsira ba sai a 'yan guraben dutsen da tunkiya ba ta iya hawa. A 1991 aka kewaye wurin da shinge. Tsirran suka dawo, kuma zuwa farkon shekarun 2000 ƙirgarsa ta kai dubbai.

Wani zai ce ta yaya ake ƙirga abin da ke tashi? Ga dabarar, kuma ba ta da wuya. A kama wasu yau, a ɗiga musu alama a fiffike, a sake su. Gobe a sake kamawa, a duba nawa ne masu alama. A ƙaddara jiya an yi wa 50 alama, yau an kama 40, an sami 10 masu alama a ciki. Tunda ɗaya cikin huɗu na kamun yau yana da alama, to 50 ɗin jiya su ne ɗaya cikin huɗun duka, ke nan duka sun kai 200.

Labarin bai ƙare da shingen ba. Daga baya zaftarewar ƙasa ta ɓalle shi, tumaki suka shiga, adadin ya sake faɗuwa, sai da aka gyara. Akwai kuma wata matsala ta daban: idan aka hana kiwo kwata-kwata, doguwar ciyawa da ƙananan itatuwa za su danne tsirran da ake son karewa. Saboda haka aikin bai zama na kafa shinge a tafi ba, sai an riƙa dawowa ana dubawa kowace shekara.

Idan aka jera su

Yanzu ku koma ga amsoshin da ke allo. Madobiya tana da yawa, tana da faɗin ƙasa, amma ƙasa take yi, kuma abin da ke jan ta har yanzu yana kawo riba. Ƙwaron Argyll ya farfaɗo, an san cutarsa, an san maganinta, amma duk abin da ya mallaka yana wuri ɗaya. Misalinsu kamar magidanta biyu ne. Ɗaya yana da rumbuna da yawa, amma kullum ana ɗiba ba a zubawa. Ɗayan rumbunsa guda ne, ya cika shi, amma tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Dukansu suna cikin haɗari, sai dai abin da kowannensu yake bukata daban ne, kuma wanda ya ba su magani iri ɗaya bai fahimci ciwon ba.

Lokaci ma ba ɗaya yake tafiya a kansu ba. Zuriyar faɗa-wuta galibi shekara guda ce, kuma mace ɗaya tana zuba ƙwai da yawa. Shi ya sa daga 20 ya kai dubbai cikin shekaru kaɗan, shi ya sa kuma mummunar shekara ɗaya ke iya mayar da shi baya. Mai ƙirgar ƙwari dole ya yi hattara, kada ya ɗauki faɗuwar bana a matsayin ƙarewa, ko hawan baɗi a matsayin tsira. Zuriya uku ta madobiya kuwa ta wuce rayuwar mai ƙirgar. Ɓarnar da aka yi a Taraba cikin shekaru kaɗan, ko da yau aka ajiye kowane inji, jikokinmu ne za su ga gyaruwarta.

Sai tambaya ɗaya da nake so ku riƙa yi duk lokacin da kuka ji an ce wata halitta tana cikin haɗari: a ina? Matakin EN na madobiya na duniya ne baki ɗaya, domin ba ta da wata nahiya da za ta fake. Shi kuwa Zygaena viciae yana nan a ƙasashen Turai da dama, har zuwa Saiberiya. Da gangaren Argyll zai shafe gobe, nau'in bai ƙare ba. Abin da zai ƙare shi ne reshen argyllensis, wanda babu shi a ko'ina, kamar yadda reshen New Forest ya tafi bai dawo ba. Mutanen Nijar sun san irin wannan a raƙuman dawa na yankin Kure. Raƙumin dawa yana nan a gabashi da kudancin Afirka, amma irin na Afirka ta Yamma ya ragu zuwa 49 a 1996, kafin kulawa ta mayar da shi fiye da 600.

In kun tambaye ni, madobiya ta fi ba ni tsoro. Ƙwaron ya sami mutanen da suka gano ainihin abin da ke kashe shi suka tare. Ita kuwa ta sami suna a kundi da suna a yarjejeniya, amma a wurare da dama ba ta sami mai tsaya mata a cikin dajin ba. Wani a cikinku yana iya ganin akasin haka, kuma yana da hujja mai ƙarfi, domin wuri ɗaya wuri ɗaya ne. Ku yi gardamar a aji, da sharaɗin kowa ya faɗi wace hanya cikin ukun nan yake aunawa da ita.

Waɗanda ba a ƙirga ba

Mu koma ga DD da NE. A Oktoban 2024, a wani taro a birnin Kali na Kolombiya, IUCN ta sanar cewa an auna nau'o'in itatuwa 47,282, kuma 16,425 daga ciki suna fuskantar barazana, wato fiye da ɗaya cikin uku. Labari ne mai ɗaci, amma aƙalla an sani. Tsuntsayen duniya kuwa, kimanin nau'i 11,000, duk an auna su. Ƙwari fa? Waɗanda masana suka ba suna sun kai kusan miliyan 1, kuma waɗanda aka auna ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Dangin malam-buɗe-littafi da faɗa-wuta kaɗai sun kai kimanin nau'i 160,000, kusan 9 cikin 10 faɗa-wuta ne. Itaciya tana tsaye inda ka bar ta, tana da kuɗi, kwastan na rubuta kwantenar da ta fita da ita. Faɗa-wuta yawanci da dare yake fita, na 'yan makonni a shekara, kuma sai gwani ke bambanta wani da wani. Ƙwaron Argyll an san labarinsa ne don yana ƙasar da mutane suka yi fiye da ƙarni suna rubuta abin da suka gani. Don haka idan ba ku ga sunan wata halitta a sahun barazana ba, kada ku ce lafiyarta ƙalau. Sau da yawa ba a je duba ta ba ne. Rashin sani ya fi dare duhu.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Dattawan cikinku sun san rigar tsamiya da zaren tsamiya da ake yi wa manyan riguna aiki da shi. Wannan siliki ne na daji, tsutsotsin wani faɗa-wuta da masana ke kira Anaphe ne ke saƙa shi. Sukan taru da yawa su yi gida ɗaya, a ɗebo gidan, a dafa da toka, a kaɗa zare. Yarabawa ma da irinsa suke saƙa tufar da suke kira sanyan. Tsutsar ba ta rayuwa sai da ganyen itatuwan da ta saba da su. Haka kuma akwai wani faɗa-wuta mai suna Cirina da tsutsarsa ke cin ganyen kaɗanya, wadda Nufawa da mutanen Bobo-Dioulasso a Burkina Faso ke tattarawa da damina, su ci, su kai kasuwa. Kaɗanya kuwa tana matakin VU a Jan Kundi. Duk kaɗanyar da aka mayar gawayi, ba man kaɗe kaɗai aka rasa ba, an rasa abincin wannan tsutsa da kuɗin matar da ke sayar da ita.

Ilimin da ake bukata don auna irin waɗannan halittu, da yawansa yana bakin tsofaffin masaƙa da maharba da makiyaya da mata masu tsintar kaɗanya. Su suka san inda ake samun abu a da, da watan da yake fitowa, da shekarar da aka daina ganinsa. Abin da ya rage shi ne a rubuta, da suna da wuri da kwanan wata, kuma wannan aiki ne da mai karatun wannan aji zai iya.

Aikin aji da na gida

1. A ƙaddara wani ƙauye ya ƙirga manyan madobiya 200 a dajinsa, bayan tsawon zuriya uku aka tarar saura 90. Kashi nawa cikin 100 aka rasa? Da a ce haka abin yake a ko'ina, wane mataki itaciyar za ta shiga?

2. An yi wa faɗa-wuta 30 alama aka sake su. Washegari aka kama 20, aka sami 5 masu alama. Kimanin nawa ne duka? Ta hanya ta uku, wane mataki wannan adadi ya faɗa?

3. Dokar 1981 ba ta hana ƙwaron Argyll raguwa ba, shingen 1991 ya hana. Ku tattauna ku biyu-biyu: a yankinku mene ne ainihin abin da ke cin madobiya ko kaɗanya ko wata itaciyar da kuka zaɓa, kuma wa ke da ikon tare shi?

4. Kowa ya sami dattijo ko dattijuwa a unguwarsu, ya gaishe su, ya tambaye su itaciya ɗaya da ƙwaro ɗaya da suka saba gani suna yara amma yanzu sun yi wuya. Ku rubuta sunan abin, da wurin da ake samunsa a da, da lokacin shekara, da abin da suke ganin ya jawo. Ku kawo takardun mako mai zuwa, a haɗa su a littafi ɗaya da zai zauna a aji.